Makahon da Ke Zama Kusa da Anselmo

Cádiz, watan Yuni, 2024

Zuwa ga Yaya Encarna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da dukan mutanen gidanki. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Ovidio da yara da jikoki. Yaya gwiwar taki? Na san yanzu sanyi ya fara shigo muku a Montevideo. Mu kuwa nan zafi ne ya kama, ga iskar gabas tana ta kwashe wa mutane shanya, kowa a unguwa ransa a ɓace. Allah ya ƙara miki sauƙi, ya ba ki ƙarfin jiki, ya bar mu tare. Ni lafiyata ƙalau, sai hawan jinin da kika sani, shi ma ina shan magani. 'Yata Lourdes ta zo daga Zaragoza lokacin bikin Ista da 'yan biyunta. Sun yi tsawo, sun cinye min duk soyayyen kifin da na saya, suka ce a garinsu kifi ba shi da ɗanɗano.

Akwai tambayar da na daɗe ina so in yi miki. Duk lokacin da muka yi waya sai zancen ya ƙare a kan ciwo da likita, shi ya sa na zauna na rubuto. Amma sai na ba ki labarin tukuna, don ki san daga inda tambayar ta fito.

Kin san ƙanenki. Sama da shekara arba'in na zauna da Anselmo, kuma maganarsa ta yini guda ba ta wuce ina kwana, abincin ya yi daɗi, kashe fitilar. Ya dawo daga waldar jiragen ruwa, ya yi wanka, ya zauna a baranda yana kallon teku. Na saba, na ɗauka haka Allah ya yi shi. Da ya rasu a watan Agustan bara, ana gab da fara kakar wasa, ashe ya riga ya sabunta katinsa na shiga filin ƙwallo. Lourdes ta ce in ba wa wani katin, in rufe gidan in koma wurinta, tun da zaman kaɗaici ba zai yi min kyau ba. Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani. A farkon Satumba kuwa na ɗauki katin na tafi fili, ni da ban taɓa taka ƙofarsa ba. Ba ƙwallo na je kallo ba. So nake kawai in ga kujerar da take ɗauke min miji duk bayan mako biyu.

Na sami kujerar, can sama. A gefenta akwai wani dattijo da baƙin tabarau, da farar sanda a naɗe ƙarƙashin ƙafarsa, ya yafa mayafin ƙungiyarmu ta Cádiz mai ruwan ɗorawa duk da zafin da ake yi. Ina zama ya juyo ya ce, "Baiwar Allah, kujerar nan da mai ita." Na ce masa mai ita ya rasu, ni ce matarsa. Yaya Encarna, ashe bai sani ba. Ya zo wasannin farko yana jira, ya ɗauka rashin lafiya ce ta hana Anselmo zuwa. Ko lambar wayar juna ba su da ita. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin mayafi, sannan ya ce sunansa Chano, a babbar kasuwa yake sayar da kifi kafin ciwon sukari ya tafi da idanunsa. Can sai ya ce, kamar da kansa yake magana, "To yanzu wa zai gani min?"

Ban gane ba, sai wata mata da ke zama bayanmu, Puri, ta leƙo ta yi min bayani. Ta ce tun daga busa usur na farko har na ƙarshe Anselmo ba ya haɗiye miyau, yana kwatanta wa Chano duk abin da ke faruwa, kuma haka suke shekara da shekaru. A wurin nan ma Rediyo suke kiransa. Ta ce, "Mijinki ai aku ne, 'yar'uwa, har roƙonsa muke yi ya bar mu mu ji da abin da ya dame mu." Na fito da katin na nuna mata hoton, na ce ta duba da kyau. Ta ce shi ne, ba wani ba. Na tambayi Chano me ya hana shi riƙe rediyon gaske. Ya ce rediyo sunan wanda ya buga kawai yake faɗa. Anselmo kuwa zai gaya masa cewa mai tsaron gidan baƙi yana ta goge hannu a wando don tsoro, da cewa tsuntsayen teku sun jeru a kan rufi, da cewa ƙaton da ke gabansu ya sake zubar wa kansa lemo.

Da aka fara wasa ya taɓa min hannu ya ce in gwada. Na ce, "Wani mai rigar ɗorawa yana gudu. Wani ma yana gudu. Sun faɗi." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Matar Anselmo, wannan ai ko ni zan iya faɗa." Ranar mun ci wasa, Puri ta rungume ni ta ce na zo da sa'a, kada in kuskura in yi fashi. Daga ranar nan har watan Maris ba mu sake cin wasa ko ɗaya ba a gasar. Sai zance ya juya, kullum in na iso Puri ta ce, "Ga uwar tsiya nan ta zo, ku matsa mata." Ni kuma in ce tsiyar a ƙafafun 'yan wasanta take.

A haka na koya. A hutun rabin lokaci, muna cin burodi da wainar ƙwai, Chano ya gutsuttsura nasa a kan gwiwata ya nuna min mene ne satar gida. Sunayen 'yan wasa sun ƙi zama min, sai na laƙaba musu nawa. Akwai wanda yake gudu kamar mai hawa bene da tukunyar gas, akwai wanda kullum yake gyara gashi kafin ya yi bugun kwana. Chano ya ce in ci gaba a haka, ya fi gane su. Wata rana a cikin hunturu ɗan wasanmu ya buga ƙwallo ta yi sama, na ce, "Wannan kam sai dai masunta su dawo mana da ita." Chano ya ce abin mamaki, a zamanin Anselmo ƙwallonmu ba ta taɓa yin nisa haka ba, kullum gogar ƙarfen raga take yi ta wuce. Puri ta kwashe da dariya ta ce ai duk shekarun nan ƙarya Rediyo yake shirga masa. Chano ya ce, "Ke Puri, makaho ne ni, ba kurma ba. Ina jin tsakin mutane. Amma wasan da Anselmo yake buga min ya fi na filin kyau, me zai sa in hana shi?"

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi min ciwo. Akwai ranar da na dawo gida na tsaya gaban hoton Anselmo na faɗa masa maganganu. Ashe bakinsa cike yake da zance da barkwanci, ya kwashe ya kai wa baƙo, ni ya bar ni da kashe fitilar. Mako biyu bayan haka na faɗa wa Chano hakan a fuskarsa. Ya ce shi ma ya taɓa tambayar Anselmo ko haka yake cika wa matarsa kunne. Anselmo ya amsa masa cewa, "A gida ba na buƙata. Regla tana ganin komai kafin in gani." Ban san ko yabo ne ko gudun laifi ba, har yanzu ina juya maganar. Chano ya ƙara da wani abu kuma. Ya ce ranar da suka fara haɗuwa ya yi wa Anselmo godiya, shi kuwa ya ce ba komai, ya taɓa yi wa wani irin wannan aikin yana yaro, daga bakin taga, amma bai samu ya ƙarasa ba. Bai ce wane ne ba, bai kuma sake tayar da zancen ba.

To ga tambayata, Yaya. Wane ne? Ke ce babba, ke kaɗai kika rage da kika san gidanku na unguwar La Viña a lokacin. Mahaifinku ne? Na lura ku biyun ba kwa son zancensa, iyakar abin da na sani shi ne ya daɗe a kwance kafin ya rasu. Ko kakarku ce? Wace taga ce, me ake gani daga cikinta? Kuma Anselmo yana yaro mai surutu ne, daga baya ya yi shiru, ko tun farko haka yake? In abin mai nauyi ne ki ɗauki lokacinki, amma ki rubuto. Na kai shekarun da zan iya jin komai.

Bari in ƙarasa miki labarin kakar. A watan Maris Atlético suka zo daga Madrid, kowa ya gama sallamawa, sai ga shi mun zura musu biyu ba ko ɗaya. Da ta biyu ta shiga na miƙe ina ihu, na manta da Chano gaba ɗaya. Yana ta jan min hannun riga yana cewa, "Wa ya ci? Ke, wa ya ci? An ɗauke ki aiki kin tafi biki!" Kwana biyu muryata ba ta fita. Amma abin ya zo a makare. A watan Mayu Las Palmas suka zo, kuma dole ne mu ci in muna so mu ci gaba da numfashi a rukunin farko. Na yi magana ranar nan kamar ba zan sake yi ba, ban rage komai ba, ban ƙara komai ba. Aka tashi babu ci. Muka faɗa rukuni na biyu.

Chano ya tambaye ni me nake gani. Na ce 'yan wasa sun zube a ƙasa, wasu mutane suna zagi, wasu suna tafi, Puri ta rufe fuska da mayafi, ƙaton gabanmu yana kuka kamar jariri. Ya gyaɗa kai. Muka zauna har fili ya fara watsewa, muna jiran surukinsa da ke zuwa ɗaukarsa. Sai ya ce, "Regla," ranar ce ya fara kirana da sunana, "saura abu ɗaya da ba a kwatanta min ba. Yaya kamannin Anselmo? Shi dai ya ce min dogo ne, da suma har kafaɗa, wai mata suna waiwayensa a titi." Yaya Encarna, dariya ta kama ni har hawaye suka zo, daga nan kuma suka ƙi tsayawa. Na ce masa gajere ne, da sanƙo tun yana ɗan talatin. Na gaya masa kunnuwan nan naku na gado, da tabon walda a bayan hannunsa, da yadda yake karkata kai in yana sauraro, da yadda yake ɓare min lemo ya ajiye a gefen faranti bai ce komai ba. Tun rasuwarsa ban yi wa kowa zancensa haka ba, ko Lourdes. Na yi ta faɗa, Chano yana riƙe da hannuna, har ma'aikacin fili ya zo ya tsaya daga nesa, bai ce mu tashi ba. Da na gama Chano ya ce, "To, yanzu na gan shi. Mummuna ne, Allah ya jiƙansa."

Na gaya wa Lourdes ba zan koma Zaragoza ba. Ba ta ji daɗi ba, ta ce na zaɓi ƙwallo na bar jikokina, muka yi kwanaki ba mu yi waya ba. Yanzu ta sauko, zan je musu hutun bazara in dawo kafin a fara wasa. An sauya katin zuwa sunana.

Ki gaishe min da Ovidio, ki ce masa ya rage shan taba. Ki gaida 'yarki Nélida da mijinta, da ɗanki Fabián, da jaririyar da ban gani ba sai a hoto. Lourdes da 'yan biyu suna gaishe ku. Chano ma ya ce lallai in gaida yayar abokinsa. Allah ya tsare ku, ya sa mu gana da alheri.

Taki har kullum, matar ƙanenki,
Regla