Ya Sa Wa Abin Sha Sunana, Sai an Durƙusa Ake Ɗauka

Anti Na'ima, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da hannuna yake ta ƙaiƙayin aikatawa. Ki yi haƙuri da Hausata, ni 'yar Bahuli ce, a kasuwar Mubi na koye ta. Sunayen da zan saka ba na gaskiya ba ne, ko da yake ɓoyewar ba ta da wani amfani yanzu. A ce sunana Mercy. Ina aiki a wani kemis, kuma an sa ranar bikina da Bakari a watan Disamba.

Juma'ar da ta wuce, da muka tashi aiki wajen ƙarfe shida, abokiyar aikina Destiny ta matsa min in raka ta wani sabon wuri. A layin nan yake mai cike da wuraren shaƙatawa, kiɗa daga kowace ƙofa, hayaƙin tsire, 'yan acaɓa suna ta sauke ɗalibai. Wurin ɗan mitsitsi ne, a matse tsakanin mai gashin kifi da gidan kallon ƙwallo, kujerunsa ba su wuce takwas ba. Ba irin mashayar da ake dire wa mutum kwalba a tafi ba ce. Mai wurin da kansa yake haɗa kowane kofi a gabanki, tsamiya, citta, zoɓo, goruba, lemun tsami, ya zuba ƙanƙara a kofin ƙarfe ya girgiza. Akwai mai giya, akwai mara giya, shi ya sa har yaran Musulmi suke zuwa. Kowane haɗi da sunansa a allo, kuma yana haɗawa yana ba da labarin inda sunan ya samo asali.

Mai wurin Vandi ne. Da na sani, ko a mafarki ba zan taka ƙofar ba.

Bari in faɗa miki laifina da bakina. Shekara biyu muka yi da Vandi, har iyayensa sun zo gaisuwa gidanmu. Lokacin ya dawo daga aikin otel a Yola, ba shi da komai sai kula ɗaya da yake ɗaurewa a bayan mashin yana yawon sayar da haɗe-haɗensa. Ni nake jiƙa masa tsamiya, ni nake tace ta. A bikin yayata ya kawo abin sha kula biyu kyauta. Ranar akwai wani ɗan kwangila mai mota da ya fara nemana, ya nuna Vandi ya tambaye ni ko wane ne. Na ce mai zoɓo ne da muka ɗauko haya. Vandi yana tsaye a bayana. Ban tsaya nan ba, Anti, na sa shi ya kawo wa mutumin kofi, na ce ya ƙaro ƙanƙara. Ya kawo, ya ƙaro. Bayan sati biyu na rabu da shi ta waya.

Wata takwas ɗan kwangila ya yi yana yawo da hankalina, sai a fesbuk na ga hoton bikinsa. Na je ɗakin Vandi na durƙusa ina kuka, na riƙe masa ƙafa. Bai zage ni ba. Ya haɗa min ruwan tsamiya da citta, ya ajiye a ƙasa kusa da gwiwata, ya jira na gama kukana na sha, ya goya ni a mashin har ƙofar gida. Daga ranar bai sake ɗaga wayata ba. Na ɗauka magana ta mutu a nan.

To, ina zama a wurin nan na ɗaga kai, sai ga shi a saman allo da farin alli: Hawayen Mercy. An ce shi ne haɗin da ya fi tafiya. Gishiri yake shafawa a bakin kofin, wai shi ne hawayen. Kuma ba a kan tebur yake miƙawa ba. Akwai wata 'yar kujera ta tsugunno a gefe, a kanta yake ajiyewa, duk wanda ya saya sai ya durƙusa ya ɗauka, sauran su yi shewa suna ɗauka a waya.

Destiny ta ɗaga murya ta ce a ba ƙawarta guda ɗaya mara giya. Ashe ta sani, takanas ta kawo ni. Vandi ya dube ni, ko gezau bai yi ba. Ya fara yanka lemun tsami yana ba da labarin tun daga bikin yayata. Bai ƙara ko kalma ɗaya ta ƙarya ba, wannan ne ya fi ƙona ni. Har kalar zanen da na ɗaura ranar da na je kuka ya faɗa. Da ya gama ya ajiye kofin a kan 'yar kujerar, ya ce wannan kyauta ne, tunda mai abin ce da kanta ta zo.

Kin san me na yi? Ban mare shi ba, ban fita ba. Kaina ya ɗauke, ƙafafuna suka kai ni, na durƙusa na ɗauka na kurɓa. Wurin ya kaure da ihu. Kuma Anti, abin kunya, abin da daɗi.

Yanzu bidiyon ya zaga gari. Masu zuwa sayen magani suna tambayata ko muna sayar da gishiri. Ƙanwar Bakari ce ta turo min shi da hoton fuska mai dariya. Shi kuwa Bakari kwana huɗu ke nan sai gaisuwa a taƙaice. Da ma ya san na taɓa yin wani saurayi, amma kafin bidiyon nan bai san na durƙusa wa kowa ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Lokacin da nake taya Vandi aiki, ogogoro, giyar gargajiyar nan mai ƙarfi, yake ɗigawa a cikin ruwan tsamiyar da ya dafa, don kada ya lalace idan an ɗauke wuta. Da wannan ruwan yake haɗa komai, har wanda yake cewa mara giya. Da na kurɓa ranar, kamar na ji ɗanɗanonsa, ban dai tabbatar ba. Khalid, ɗan mai gidan da nake haya, yaro mai salla a kan lokaci, kusan kullum sai ya je wurin da abokansa. Na riga na rubuta saƙon da zan tura guruf ɗin unguwa, yana nan a wayata, dannawa kawai ya rage. Na san in ya fita Vandi ya gama kasuwanci a Mubi. Ina so ya ɗanɗana. Kuma ai gaskiya zan faɗa, ko ba haka ba? In tura?

Taki cikin baƙin ciki,
Wadda aka rubuta a allo, Mubi.

AMSA

Ƙanwata, kada ki tura. Goge shi yanzu, sannan ki dawo ki ƙarasa karatu.

Abin da Vandi ya yi miki mugunta ce, kuma mugunta ce ta mai natsuwa, wanda ya zauna ya tsara ta har da kujerarta. Kin wulaƙanta shi rana ɗaya a gaban 'yan biki, shi kuma ya mayar da kukanki haja yana sayarwa kullum. Wanda ya zo maka a durƙushe amana ya kawo maka, ko ba za ka yafe masa ba. Ramuwarsa ta wuce laifinki nesa ba kusa ba. Ita kuwa Destiny, gaisuwar aiki ta ishe ku daga yau.

Amma zo mu dubi naki. Shekara nawa kina sane da maganar ogogoron nan? Da hannunki kika tace tsamiyar, kina kallo ana sayar wa masu salla, barcinki kike sha. Tausayin Khalid bai zo miki ba sai ranar da kika ga sunanki a allo. Kuma ke da kanki kin ce ba ki tabbatar ba. Kin fi ni sanin garinku. Saƙon da ya ce Kirista yana shayar da yaran Musulmi giya a ɓoye ba ya tsayawa a kan shago ɗaya. Zai taɓa mai kifin da ke maƙwabtaka da shi, zai taɓa mutanen da ba su taɓa jin sunanki ba, kuma ba ki da madannin da zai dawo da shi.

Wannan ba ya nufin a binne maganar. Masu sha suna da haƙƙin sanin abin da ke cikin kofinsu. Ki samu dattawa biyu masu riƙe sirri, ɗaya daga cocinku, ɗaya Musulmi da ake jin maganarsa a layin, ku je da rana kafin a buɗe wurin. Su tambaye shi kai tsaye. In ya daina, shi ke nan. In yana yi, ya raba ruwan gida biyu a gabansu, ko su kai maganar wurin mai unguwa. Kada ki mayar da ita ciniki, wai ya goge sunanki ki yi shiru. Ko ya goge ko bai goge ba, dole a gyara wannan.

Maganar allo kuma daban. Dattawan su nemi ya cire sunan, ya ɗauke kujerar. In ya ƙi, ki nemi lauya ki ji abin da doka ta ba ki. Ba zan yaudare ki ba, goge allo minti ɗaya ne, amma bakin mutane zai ɗauki watanni.

Bakari kuwa, yau za ki same shi, ba gobe ba. Ki ba shi labarin kamar yadda kika ba ni, har da bikin yayarki. Gara ya janye yanzu da ya riƙa jin shewa a ransa bayan Disamba. In ya tsaya, kin san wanda kika samu.

Saura abu ɗaya. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin je wurin Vandi kina kuka don wani ya yashe ki, kin roƙe shi ya karɓe ki, amma ban ga inda kika ba shi haƙuri a kan kiran shi mai zoɓon haya ba. Ranar da za ku je, ki ba shi, ko ya karɓa ko ya ƙi. Sai dai wannan karon a tsaye za ki yi shi, kina kallon idonsa, sannan ki juya ki fita.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya rufa miki asiri, ya zaunar da Mubi lafiya.

Anti Na'ima