Saƙon Asibiti Ya Shigo Shiru

Laraba, bayan Isha'i

Sau uku ina kwanciya ina tashi. Bari in rubuta ko zuciyata ta lafa.

Sati guda ina kasa kunne ga kwamfutar ofis, ina jiran ta yi ƙara idan imel ɗin asibitin ido ya shigo da ranar aikin Inna. Yau da la'asar na buɗe akwatin saƙo neman wata takarda, sai ga shi zaune tun Litinin. Gobe ƙarfe tara ake son ganinta a Kano, mu kuwa muna Daura!

Na ƙure sauti, na zare igiyar sifika na mayar, na aika wa kaina saƙo, ko tari ba ta yi ba. Malam Habu na teburin kusa da ni ya leƙo ya ce, "Malama Binta, ai an kashe sanarwar shigowar saƙo." Ni ce kuwa na kashe ta ranar da muka yi wani taro, na manta.

Da ƙyar na kama mana wuri a motar asuba a tasha. Inna sai sa mini albarka take yi, wai ban taɓa sakaci da ita ba. Na kasa gaya mata. Kai kawai na sunkuyar ina ninke mata zannuwa.