Takardar da Iya Gaji Ta Ƙi Dangwalawa

Unguwar Baure, ta Jahun
Ranar Talata

Zuwa ga jikana, angona Sharhabilu, a jami'a, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya cikin nan naka da ba ya son wake? Mu nan lafiya, sai gwiwa. Malam Nata'ala liman ne yake rubuta mini, na ce ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara.

Direba ya kawo takardarka, tana ƙarƙashin tabarma. Ba zan dangwala ba. Na ji bayaninka sarai. Wai karatun halayyar ɗan Adam ba a gama shi sai an yi furojet, naka kuma a kan mantuwar tsofaffi ne. Tsoho arba'in ka yi wa tambayoyi sau biyu, wata uku tsakani, kowa sai ya sa yatsa cewa da yardarsa. Duk sun sa, saura ni. In ba su cika ba malaminka ba zai karɓa ba, sai ka maimaita shekara, kuma babu lokacin nemo wata tsohuwar. Na ji, wallahi na ji.

Amma ubana zamanin Turawa aka sa shi ya dangwala takarda, aka kwashe su haƙar kuza, ko takalminsa bai dawo ba. Kai kuma da bakinka ka ce a aji uku an tura ku asibitin masu taɓin hankali, kuna zama da su kuna rubutu. Ran nan ka ba ni abu uku in riƙe a ka, da ka waiwayo ɗaya na kawo, na ga ka ja layi. In malaminka ya gani ya turo mota fa? Ni a ɗakina nake so in mutu.

Kuma wane irin karatu ne babu kunya? Ka ce in lissafa 'ya'yana, na kawo biyar, ka tsaya jiran na shida. Sai da gwaggonka Larai ta daka maka tsawa, ina ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗanta na fari, balle ya rasu? Aka yi dariya, ka ba ni maki cikakke. Ubanka da yana raye da ya ja kunnenka.

Ka yi haƙuri, kada ka sake ni a kan wannan. Ka gaida abokan ɗakinka.

Kakarka, Gaji.


Unguwar Baure
Ranar Asabar

Sharhabilu,

Sallama da gaisuwa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka ga rubutu ya sauya. Madina ce take rubuta mini, matar malamin firamare, baƙuwa daga Taura. Na zaɓe ta don ba ta san ubanka ba, kuma ta rantse ba za ta kai maganar nan bakin rijiya ba.

An karanta mini amsarka sau uku. Ka ce ba a sa suna, ni lamba goma sha bakwai ce, babu mai zuwa ɗaukata. Ka ce kuma in ban so ba dokar karatunku ta hana a tilasta mini, za ka maimaita shekarar, ba komai. Wannan ba komai ɗin ce ta hana ni cin tuwo. Shekara huɗu kana fama, har lissafin nan da ya kayar da kai ka koma ka ci, sai ni ce zan tare maka ƙofa?

Yanzu bari in faɗa maka abin da ban iya faɗa a gaban liman ba. Ran nan ba kunya ce ta hana ni ba. Nema na yi na rasa. Shekara sittin ban taɓa furta sunan nan ba, yaron nan nake cewa, daga baya na koma baban Sharhabilu. Amma yana nan a cikina, ina taɓa shi kullum in na idar da sallah. Tun kafin azumi na laluba ban same shi ba. Ina ganin fuskarsa, ina ganin tabon lauje a hannunsa, sunan ne babu. Kuma wa zan tambaya? Kowa a gidan nan kewaye sunan yake yi in ina wurin, don girmama ni. Da kuka yi dariya ni ma na yi.

Ba motar ce kaɗai nake tsoro ba, angona. Tsoro nake ka gane.

Ga takardar nan na dangwala, da tawadar allo, in ta yi kauri ka ba malaminka haƙuri. Sai dai ka goge makin da ka ba ni, ba nawa ba ne. Ka rubuta gaskiya, kada ka ci digiri da ƙaryata. In akwai sunan wannan ciwo a littattafanku, kada ka ɓoye mini.

Sunan kuma kada ka rubuto shi, ba na so in ji shi a bakin mai karanta wasiƙa. Ka zo da kanka, mu shiga ɗaki, ka faɗa mini a hankali, ni ma in faɗa sau ɗaya. Kada ka jira hutu. Jiya Larai ta shigo da ruwa, sai da ta yi magana na san ita ce. Ka zo tun ina gane ka.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'a.

Kakarka, Gaji.