Na Tuƙa Irin Baffa Ranar Mauludi

Zuwa ga Malam Ladan, mai filin shawara.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, don Allah Malam ka taimake ni da shawara, kuma ka yi mini hanzari, don abin da ke damuna ba zai jira wata guda ba. Kada ka buga sunana. Da hannuna na rubuta wannan takarda, in ka ga baƙaƙen sun karkace ka yi haƙuri, a kan gwiwata nake rubutun ina kuma duba tukunya.

Ni haifaffiyar birnin Kano ce. Mahaifina malami ne mai karantarwa, asalinsa mutumin ƙasar Bebeji, kuma can ya mai da ni aure shekara biyu ke nan, gidan ɗan wansa. Ban zo a kan dole ba, ina son mijina, shi ma bai rage ni da komai ba. Surukina, wanda duk gida muke kira Baffa, tsoho ne mai ƙarancin magana. Matarsa Inna Kulsum ta rasu kafin in tare, saboda haka tukunyar gidan duka a hannuna take. Da na zo ban san bambancin gero da maiwa ba, matan ƙauye suka yi ta yi mini dariya har suka gaji. Ni kuwa ba a ce mini ba zan iya ba. Yau in na kama taɓarya babu wadda take karɓa ta ce in huta.

Kuma gaskiya, Malam, na so zaman nan, musamman da kaka. A birni kaka labari ce, sai dai ka ga hatsi ya yi araha. A nan kuwa gida cika yake yi. Kabewa a kan kowane ɗaki, kuɓewa a shanye a tabarma, gyaɗa sabuwar cira ana dafawa da gishiri, dankali a cikin toka tun da safe. Fulani sun sauko da shanunsu cin kara, man shanu da kindirmo har ƙofar ɗaki. Da hantsi mu baje a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, rana tana dukan bayanmu, ana shan takanɗa ana gulmar duniya. Wallahi ko an ce in koma unguwarmu a wannan lokaci ba zan koma ba.

To, bana Mauludi ya faɗo daidai da yankan dawa. Al'adar garin nan ita ce kowane gida ya kai abinci ƙofar gidan liman, inda ake taruwa karatu da yabon Annabi, maza su ci a can, mata kuma a yi ta aika wa juna kwano. Bara na kai shinkafa irin dahuwar birni, aka ci aka yi shiru, daga baya na ji ƙanwar mijina Hajara tana cewa abincin marasa lafiya ne. Na ƙudura a raina bana sai na yi tuwon da za a daɗe ana zancensa.

Ana saura kwana uku ina cikin ɗakin girki, na ɗaga kai na hangi wani babban kwando a rataye a tsaiko, daidai saitin murhu, an rufe shi da tsohuwar tabarma. Ban san lokacin da aka rataye shi ba. Na taka turmi na sauko da shi. Malam, ban taɓa ganin dawa irin wannan ba. Kowace zangarniya ta kai damtsena, fara sol, ƙwayar a cike, babu ta yarwa ko ɗaya. Na ce lalle wannan ita aka ware don bikin, aka manta ba a faɗa mini ba. Maza duk suna gona. Ban tambayi kowa ba, don ina son abin ya zo musu ba zato. Na sussuke ta tas, na sheƙe, na surfa, na wanke, na niƙa a dutse da kaina, na tankaɗe har sau biyu. Ranar Mauludi na tuƙa tuwo fari kamar auduga, na yi miyar taushe da kabewa da yakuwa da gyaɗa, na kwarara man shanu.

Ba yabon kai ba, akushinmu ne ya fara dawowa, kuma kamar an wanke shi. Aka ce har wani dattijo ya yi santi a gaban liman, ya kama ba da labarin jakinsa da ya mutu shekara goma da suka wuce. Hajara da kanta ta zo ta ce in ƙara mata malmala biyu. Abin da ya fi shiga raina shi ne Baffa. Da la'asar ya tsaya a bakin ɗakin girki, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “'Yar Malam, tun da Kulsum ta rasu ban ci tuwo irin wannan ba. Allah ya yi miki albarka.” Washegari ya sa aka fito mini da babbar tukunyarta da muciyarta, waɗanda ba ya bari kowa ya taɓa. Na shiga ɗaki na yi kuka don daɗi.

Kwana biyu bayan haka mijina yana karyawa, sai ya ce mini, kamar abin da kowa ya sani, in riƙa girki a ɗaki ko da ana zafi, kada in mai da murhu waje, don hayaƙi ya riƙa samun irin Baffa da ke rataye, ƙwari kada su shige shi. Na ce wane iri? Ya ce wanda ke cikin kwando mana. Ya ba ni labarin cewa dawa ce farafara da kakanmu, mahaifin Baffa, ya zo da ita daga wajen Doguwa tun Baffa yana saurayi, ba ta faɗuwa in an yi iska, tsuntsu ba ya damunta sosai, kuma duk garin babu mai ita sai gidanmu. Kowace shekara kafin a sa wa gona lauje, Baffa yakan bi ta kunya-kunya shi kaɗai, yini biyu, yana zaɓen zangarniyar da za a shuka baɗi. Na ce masa to, na ji.

Ga inda na ƙara kwaɓa ta. Yana fita na sauko da kwandon, wanda na mayar wayam a ƙarƙashin tabarmarsa. Rumbun Baffa ba na hawansa. Abin da ke kusa da ni shi ne wani dami da maƙwabcinmu Gwadabe ya aiko mana na gaisuwar kaka, ita ma farar dawa ce. Na tsinci manya-manyan ciki na cika kwandon, na rufe, na rataye. Yau kwana tara ke nan babu wanda ya sani.

Ni dai a ganina, Malam, dawa ai dawa ce. Fara ce, wannan ma fara ce, in an shuka za ta fito, babu wanda zai kwana da yunwa. Kuma laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, don me za a rataye abu a kan murhuna ba a gaya mini ko mene ne ba? In na faɗa, na san abin da zai biyo baya. Hajara za ta kai labarin kowane gidan biki daga Ƙofa har Dangora, a ce ga 'yar birnin da ta ciyar da gari da iri. Wannan ma zan iya jurewa. Wanda ba zan iya ba shi ne Baffa ya dube ni da wani ido bayan ya sa mini albarka. Shekara biyu ina neman wannan kalma a bakinsa.

Amma fa ba na jin daɗi. Kullum da safe in na durƙusa gaishe shi sai ya leƙa ɗakin girki ya dubi kwandon. Dafaffiyar gyaɗar ma ta daina yi mini daɗi. Kuma na ji yana gaya wa mijina cewa sauran dammunan farafarar, guda shida da suka rage bayan zakka da rabon dangi, su za a fara sussukewa don ci da zarar an gama shigar da dawar kaura rumbu.

Shin in yi shiru, tunda ba wanda zai gane sai damina, ko ma ba za a gane ba sam? Ko kuwa in faɗa in zubar da abin da na samu? Na fi karkata ga yin shiru, amma ina son in ji ta bakinka.

Taka mai neman shawara,
'Yar Birni a Karkara,
Ƙasar Bebeji, Disamba 1953.

AMSA

'Yata, na samu takardarki, na kuma sauya sunayen da ke ciki kafin a buga. Rubutunki ya fi na wasu magatakarda da na sani. Na yi dariya a wajen mai santi, amma da na kai ga dammuna shida na ajiye sauran wasiƙu na fara amsa taki.

Abu biyu kika yi, kada ki haɗa su. Na farko kuskure ne, kuma ba ke kaɗai ke da alhakinsa ba. Kin yi gaskiya, wanda ya rataye dukiyar gida a kan murhun matar da ba a gona ta tashi ba, ya kamata ya buɗe baki ya gaya mata. Su sun ɗauka kowa ya sani, don tun suna rarrafe suke ganin kwandon. Naki rabon shi ne rashin tambaya, da son a yaba miki, wanda ba zunubi ba ne. Na biyun kuwa, cika kwandon da dawar Gwadabe, da saninki kika yi shi. Tsoro ne ya sa ki, na gane, amma shi ne abin da zai yi ɓarna, kuma kowace safiya da kika yi shiru kina sabunta shi.

Ki bar cewa dawa dawa ce. A tukunya haka ne, a gona ba haka ba ne. Kowace iri da ƙasar da take so, da lokacin nunarta, da yadda take tsayawa a iska. In Baffa ya shuka ta Gwadabe a gonar da ya saba wa farafararsa, tun tana gwiwa zai gane ba tasa ba ce. A lokacin ba shi da inda zai nemo ta, don kun riga kun cinye sauran da rani. Abin da mahaifinsa ya bar masa zai ƙare ba tare da ya san ranar da ya ƙare ba. Kuma zai fara zargin mutane: wa ya shiga gidana, wa ya musanya mini iri? Dawar Gwadabe ce za a gani a gonar, kin ga wanda za a fara nunawa, bawan Allah da bai yi komai ba sai kyauta.

Ga abin farin ciki. Irin bai ɓata ba tukuna. Dammunan nan shida daga gonar suka fito, farafarar ce dai. Ba za su kai zaɓen tsaye kyau ba, amma mai ido irin na Baffa zai kwance su ya fitar da abin da zai ishe shi shuka, baɗi kuma ya sake zaɓe a gona, komai ya koma daidai. Wannan dama tana nan ne kawai kafin taɓarya ta hau kansu. Yau abin gyara ne na yini guda.

Saboda haka ranar da kika karanta wannan, ki gaya wa mijinki kafin ya fita. Ki faɗi biyun duka, tuwon da kuma musanyar, kada ki rage na biyun. Kada ki fara da cewa ba a gaya miki ba, ki bari su su faɗi haka da bakinsu, kuma za su faɗa. Shi ya shiga wajen mahaifinsa tukuna, kamar yadda ya dace tsakanin suruka da suruki, sannan ke ki biyo da kwandon a buɗe, ki durƙusa ki nemi gafara da bakinki. Kada ki aika Hajara, kada kuma ki bari ya ji a waje.

Ba zan yi miki alkawarin ba zai ji zafi ba. Zai ji. Mai yiwuwa ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwarki da sakin fuska, ki jure, ki ci gaba da kai masa abincinsa a kan lokaci. Albarkar da ya sa miki ba a kan ƙarya ya sa ta ba, hannunki ne ya yi tuwon. Tsoho mai hankali ya san abin da ake nufi da yarinyar da ta zo ta tona kanta alhali babu wanda ya kama ta. Dariyar mata kuwa za a yi ta, babu makawa. Ki riga su ba da labarin, ki yi dariyar tare da su, kafin damina sun samu wani abin dariyar.

Shawarata ta ƙarshe ita ce, ranar da zai zauna kwance dammunan, ki nemi izni ki zauna gefe kina riƙe masa kwando. Ki duba wadda yake ɗauka da wadda yake ajiyewa, ki tambaye shi dalili. Baffa ya tsufa, kuma ban ji kin ce akwai wanda yake bin sa gona ranar zaɓe ba. Dole wani a gidan nan ya koya tun yana da rai, kuma ban ga wanda ya san darajar wannan kwando yanzu kamarki ba.

Allah ya sanyaya zuciyar Baffa, ya ba ki ƙarfin halin buɗe baki, ya kai mu damina lafiya ku shuka abinku.

Malam Ladan.