An Bar Shi Gadin Raƙuma

Assalamu alaikum Anti Siddiƙa,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Abin da ke damuna idan na faɗa wa matan unguwarmu za su ce na fara taɓuwa, shi ya sa na kawo miki.

Ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Ɗana na fari ya rasu bayan ƙaramar Sallar da ta wuce. Ba zan rubuta sunansa ba, kin san yadda muke da ɗan fari. A gidanmu an riƙe wannan kunyar sosai. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, in zan aike shi sai dai in ce “kai”. Sikila ce da shi. Ya haura shekara ashirin, yana karatu a jami'a, harabar Kongo da ke nan Zariya, amma kusan rabin rayuwarsa a gadon asibiti ya yi ta.

Da yake ba ya iya ƙwallo ko yawo cikin sanyi kamar sauran yara, sai ya tashi da son finafinai, irin waɗanda abin da ke cikinsu babu shi a duniya. Shi da abokansa, Kailani da Mubarak da wasu biyu, kullum cikin musu suke. Mubarak ya fi son na jiragen da ke tafiya cikin taurari da mutanen ƙarfe masu magana, yana cewa waɗannan ne na masu hankali don wata rana za su faru. Shi kuwa yaron nawa na takubba da dodanni da tsofaffin biranen da ƙasa ta haɗiye yake so. Ya ce abin da zai faru wata rana ba shi da amfani a wurinsa, wanda ba zai taɓa faruwa ba ya fi, don ba wanda zai ce masa ya jira. A lokacin ban gane maganar ba. A asibiti yakan kunna mana a kwamfutarsa yana fassara mini. Da ya tambayi ra'ayina na ce ni na taurarin nan sanyi gare su, kowa na cikin farin ɗaki kamar inda muke kwance, ba ka ganin tukunya a kan wuta, kuma kamar ba wanda yake da uwa. Ya yi dariya har nas ta leƙo.

Daga baya suka kama wani wasa, ba na waya ba. Duk Asabar bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a zaurenmu. Kailani ne ke ba da labari kamar tatsuniya, sai dai kowannensu yana da mutum ɗaya a cikin labarin, kuma shi zai faɗi abin da mutuminsa zai yi. Idan abu mai wuya ne, kamar tsallake rami ko faɗa da dodo, sai a jefa wani ɗan ludo mai fuskoki da yawa, lambar da ta fito ita ke nuna ko an yi nasara. Ba caca ba ce, ba a sa komai. Labari ɗaya suke ja tun shekarun baya. Yaron nawa yakan ce wannan ya fi fim, don shi fim tun kafin ka zauna an riga an yanke wanda zai mutu.

Mutuminsa a cikin labarin sunansa Ɗantsoho. Wani ƙato ne madugun raƙuma, ba ya ciwo, ruwan sama na dukansa yana waƙa. To Anti, wannan sunan ba kunya tsakanina da shi, ina kiransa son raina. Idan na ce wa yaron ya jiki, da sauƙi kawai zai ce, ko da kuwa yana cizon filo. Amma idan na ce Ɗantsoho fa, sai ya gaya mini gaskiya. Zai ce yau an sari Ɗantsoho a gwiwa amma yana takawa, ko ya ce yau kam raƙumi ya kayar da shi, ya kasa tashi. Ta nan nake sanin lokacin da za mu nemi Keke Napep mu tafi asibiti. Duk hirar da muka yi a duniya mai daɗi, ta kan Ɗantsoho muka yi ta.

Suna da wata doka a wasan. Idan mutum bai zo ba, ba wanda zai taɓa mutuminsa ko ya yi magana da bakinsa. Sai a ce ya tsaya gadin raƙuma a bakin rijiya, sauran su ci gaba da tafiya, ranar da ya dawo ya cim musu. Da yake shi ne ya fi kowa fashi, Ɗantsoho ya sha gadi. In an sallamo mu ya shiga zaure sai su yi ta tsokanarsa wai raƙuma sun yi ƙiba a hannunsa.

Da ya rasu ban yi kuka a gaban mutane ba, aka yi ta yabon dauriyata. Bayan 'yan makonni yaran suka zo gaishe ni, na roƙe su su ci gaba da zama a zauren kamar da. Suka kalli juna, suka ce to. Asabar ta farko na ɗauki tiren shinkafa na zauna bayan ƙofar zauren ta cikin gida kamar ina tsinta. Kailani ya yi gyaran murya, sannan na ji ya ce, “Ɗantsoho ya tsaya gadin raƙuma a bakin rijiya.” A nan ne na yi kukan da ban yi ba. Tun daga ranar duk Asabar da wannan maganar yake buɗewa, ni kuma ina bayan ƙofa, in na dama musu kunun gyaɗa in miƙa ba tare da na shiga ba.

Anti, bakin rijiyar nan ina ganinsa a raina. Yashinsa shuɗi ne kamar zanen da aka tsamo daga marina, ranarsa tana da haske amma ba ta ƙuna. Rijiyar ba zurfi, ruwan yana kusa da baki, kifaye ƙanana masu haske na juyawa a ciki. Raƙuman sun durƙusa suna tuƙa. Shi kuma ya jingina da sirdi ya miƙe ƙafafu, ba inda ke yi masa ciwo. Ina wanki ko ina tankaɗe sai in tsinci kaina a can. Ba na yi masa magana, daga nesa nake tsayawa ina kallonsa, yadda na saba. Sau da yawa sai ƙaurin tuwo ne ke dawo da ni. Na san yana kabari, na san maƙabartar, kuma ba na sallah ban yi masa addu'a ba. Amma da na ji an ce yana gadi, sai numfashina ya daidaita har wani mako.

Yanzu ga abin da ya taso. Asabar da ta wuce Kailani ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce labarin ya kai wani kogi da ke gudu zuwa sama, matafiyan za su shiga jirgin ruwa su bi shi, kuma ba za su sake dawowa ƙasar da rijiyar take ba. Ya ce gaskiyar magana kuma shi an tura shi bautar ƙasa can kudu, Mubarak ya sami aiki a Kaduna, ƙarshen watan nan za su rufe labarin. Ba za su iya tafiya su bar Ɗantsoho haka ba. Ko dai a yi masa mutuwar jarumi a binne shi a cikin labarin, ko kuma a karya doka wani ya karɓe shi ya shigar da shi jirgin. Sun kasa yankewa. Ya ce, “Mama, ke ce za ki faɗa.”

Maigidana kuma, Malam, ɗan gidan malamai ne, dama can ba ya son ɗan ludon nan, ya kau da kai ne saboda lalurar yaron. Yanzu ya ce ya isa. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ce mamaci addu'a yake buƙata, ba a ajiye shi a bakin rijiya, kuma ina ɓuya wa ƙaddara a bayan ƙofa. Ranar Asabar tun kafin la'asar yake fita, sai an yi magariba ya shigo. Ya ce daga wannan watan ba sauran zama a zaurensa.

Idan na ce a binne shi, ji nake kamar da bakina na ba da izinin ya sake mutuwa. Idan na ce wani ya karɓe shi, ba zan iya jin wata murya tana magana a madadinsa ba. Abin da raina ke so a bar shi a can har abada, amma wa zai riƙa faɗa mini? Shin zunubi nake yi? Imanina ne ya yi rauni? Kuma me zan ce wa Kailani?

Taki,
Wata uwa daga Tudun Wada

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan ɗanki, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara.

Ba ki taɓu ba. Al'ada ta hana ki kiran ɗanki da sunansa, ku biyu kuka nemo wata ƙofa kuka riƙa haɗuwa ta nan. Yanzu an ce za a rufe ƙofar, dole ki ji tsoro. Ni ba malama ba ce, hukuncin ɗan ludo na bar wa Malam da ya fi ni sani. Amma macen da ta rubuta da hannunta cewa ta san kabarin ɗanta kuma tana yi masa addu'a a kowace sallah, ban ga inda ta ƙi ƙaddara ba. Kuka ma ba rashin imani ba ne.

Sai dai Malam yana da gaskiyarsa, kuma ina so ki dube shi da kyau. Ke kina zama bayan ƙofa don ki ji, shi yana barin gidan don kada ya ji. Ba lallai ɗan ludo kaɗai ke korarsa ba. Mutum ne da ke jin muryoyin samari a zaurensa babu ta ɗansa. Duk ku biyu ranar Asabar kuke makoki, kowa shi kaɗai. Sannan tuwon da ke ƙonewa yana gaya miki wani abu: wurin nan da kike zuwa ya fara cin lokacin da kike nan.

Yaran ma ki tausaya musu. Kailani abokinsa ya rasa, amma duk mako yana daurewa ya faɗi maganar nan saboda ke. Ya yi abin da ba kowane babba zai iya ba. Ki sallame shi ya tafi da zuciya sakayau.

Game da zaɓin da suka ba ki, ba dole ne ki ɗauki ko ɗaya ba. Ɗantsoho ba ɗanki ba ne, abu ne da ɗanki ya ƙera, kamar yadda wani ke barin hular da ya ɗinka. Ba sai an kashe shi ba, kuma ba sai an ba wani ba. Matsalar ita ce gadin. Mai gadi jiran dawowar mutane yake, muddin yana jira kuwa ke ma jira kike. Ki ce wa Kailani a sauke masa gadin. Abokan tafiyarsa su biyo ta rijiyar, kowa ya yi masa sallama ya gode masa, su shiga jirginsu, shi kuma ya kaɗa raƙumansa ya kama hanyarsa da ƙafafunsa, lafiya lau. Ba wanda zai yi magana da bakinsa, dokarsu ba ta karye ba.

Kafin ranar, ki sami Malam lokacin da hankalinsa ke kwance. Ki gaya masa yadda kike tambayar yaron jikinsa ta hanyar Ɗantsoho, ina kyautata zaton bai taɓa sani ba. Ki nemi izininsa na zama ɗaya na ƙarshe, ki roƙe shi ya tsaya a gida ya rufe zaman da addu'a. Idan ya ce ba zai iya ba, kada ki matsa. Ke kuma ranar ki sa hijabinki ki shiga zauren ki zauna, ki ji da kunnenki a fili. A cikin addu'arki, tsakaninki da Ubangijinki, ki kira ɗanki da sunansa. Kunyar ɗan fari ta gaban mutane ce.

Ba zan ɓoye miki ba, Asabar ɗin da za ta biyo baya za ta yi nauyi ƙwarai. Kada la'asar ta same ki ke kaɗai a gida. Tun yanzu ki shirya inda za ki, gidan 'yar'uwa ko makarantar Islamiyya, ko ki je ki duba wata uwar da ke jinyar mai sikila, don kin san abubuwan da ita ba ta sani ba tukuna. Idan kuma barci ko cin abinci ya gagare ki har aka daɗe, ki ga likita, ba abin kunya ba ne.

Allah Ya sanyaya zuciyarki da ta Malam, Ya yi wa yaran nan albarka a inda za su, Ya haɗa ki da ɗanki a gidan da babu ciwo.

Anti Siddiƙa