Ba Zan Sauke Muryarki Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na zo miki da magana, kuma a gaban mutane zan yi ta.

Kin tuna ranar da na kanga miki waya a gonar tattasai, kina tsinka kina waƙa? Kika ce ke ba zabiya ba ce, sannan kika yi dariya kika ce in ɗauka, wata rana zan nema. Waƙar nan ce mai jera gidajen garinmu ɗaya bayan ɗaya, daga mashigin Komadugu har bakin kasuwa. Bayan masu bindiga sun tashe mu, kika rasu a nan Diffa, sai na buɗe shafi a intanet na zuba waƙoƙinki, ina fassara Barbarcin da Hausa a ƙasa.

Shafin yana nuna mutum nawa suka shiga, daga ina, wace waƙa suka taɓa. Inna, abin nan ya zame mini ciwo. Ina idar da sallar asuba in duba, ina tasowa daga koyarwa a lakwal in duba. Ran da rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, ko tuwo ba ya mini daɗi. Abin haushi, daga baya na gano rabin masu shigar ni ce da kaina, ina leƙe ana ƙirga ni.

Ana haka ƙanenki, Kawu Bukar, ya aiko kirana. Ya ce muryar ƴar'uwarsa ba ta yawon duniya ba ce, wanda ya tafi a bar shi ya huta. Kin san ni da baki, na ce jama'a na so. Ya ce in nuna masa jama'ar. Na miƙa masa wayar, ya duba, ya ce masu zama a tabarmar ƙofar gidansa sun fi su yawa. Ya ba ni zuwa Babbar Sallah: in sauke, ko ya daina taka gidana. Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinku. Na kusa saukewa, wallahi.

Satin da ya wuce na je barkar haihuwa bukkokin mutanenmu da ke bakin kwalta, wajen Geskeru. Mata na shanyar tattasan wasu, aikin lada. Kawai sai na ji ki. Muryarki ce daga wata ƴar ƙaramar waya da aka rataye a jikin kara. Na matsa kusa na kasa kunne.

Ya Aisa, maƙwabciyarmu ta dā, ta ce mai cajin waya na kasuwa ne ya sauko da waƙar daga shafina, yana zuba wa mutane a katin waya, daga nan waya ta ba waya har Tumur. Shi a shafina mutum ɗaya ne. Ta ce yaran da aka haifa a bukkokin nan ba su taɓa ganin garinmu ba, amma sun san gidan wa ke bin na wa.

Na tsaya har kika kai bakin kasuwa, wayar ta yi shiru. Matan ba su yi shiru ba. Suka ci gaba da wani baiti da ban sani ba: gidan Falmata, mai tsamiya a ƙofa, mai ba baƙo ruwa kafin ta tambayi sunansa. Sai a lokacin na lura kin jera gidan kowa, ba ki taɓa sa namu ba. Su suka sa ki. Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

To Inna, na yanke. Ran Juma'a zan je wurin Kawu, in durƙusa, in ba shi labarin nan. In ya rufe mini ƙofa, zan riƙa zuwa gaishe shi ta bayan danga har ya gaji. Zan yi masa biyayya a komai, ban da wannan. Garinmu ba shi da sauran gini a tsaye, a bakinki kaɗai ya rage, kuma ba da hannuna za a sake rushe shi ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya sanyaya zuciyar Kawu. Allah Ya mayar da yaran nan gida, su nuna ƙofofin da hannunsu.

Taki har abada,
Yagana