Birkin Salansa da Shanun Toranke

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Rabi da yara, ya sanyin Jos? Nan Gaya kowa lafiya.

Birkin salansar da ka aiko, mai toshe hayaƙi ya rage wa inji gudu, an ɗaura wa a-kori-kurarmu mai shan gas. Baba ya tsani gurnaninsa, wai na mayar da mota raƙumi. Ranar kasuwar Ajingi mun yi lodin gyada, yana zaune gaba, sai shanu suka shigo titi a gangaren Toranke. Birkin ƙafa ya ƙi ci. Na saki totur, na kunna birkin salansar, injin ya riƙe motar har birkin ƙafar ya kama, muka tsaya dab da shanun. Yanzu duk fita sai ya tambaye ni, "Raƙumin yana aiki?"

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙaninka,
Sani